Bayan An Rufe Gidan Giya: Haƙƙin Mai Tuba A Kan Jama'arsa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya girmama ɗan Adam da hankali, ya kuma sanya kiyaye hankalin nan cikin manyan al'amura biyar da shari'a ta zo domin tsare su, tare da addini da rai da nasaba da dukiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.   

Jama'ar ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, ban tsaya gabanku domin in kafa hujja a kan haramcin giya ba, gama wannan mas'ala ce da yaron da ke riƙe da allo ya sani, kuma shi kansa mashayin ya fi kowa saninta, tun da yake shi ne ke kwana da nadamarta. Abin da nake so mu duba shi ne ranar da ta biyo bayan tuba: mutum ya farka da asuba, ya ce shi da barasa har abada, sa'an nan ya fito ƙofar gida ya tarar da garin nan dai da ya bari jiya, da abokan nan dai, da bashin nan dai, da idon mutane da bai canja ba. Wane ne zai tsaya masa a wannan rana da ranakun da ke bayanta? Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa shi a wannan zama, shi ne cewa tsayuwar nan wajibi ce a kan jama'a, kuma mu mutanen Zamfara mun sauke rabin nauyin da ke kanmu, mun bar rabin da ya fi wuya.

Rabin da muka sauke shi ne na doka. Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, ta fara aiki ranar 27 ga Janairu 2000, aka hana sayar da giya, aka rubuta haddin bulala tamanin cikin kundin dokokin jiha, kamar dai yadda muka karanta shi tun muna ɗalibai a Risalar Ibn Abi Zaid. Wannan abin alheri ne, kuma ba na cikin masu raina shi, domin yaron da ya tashi a garin da babu gidan giya a bakin kasuwa ya tsira daga fitinar da ba kowa ke tsallake ta ba. Sai dai tarihi ya nuna mana iyakar abin da hani ke iya yi shi kaɗai. Tun yarjejeniyar Birasels ta 1890 Turawa suka amince a hana shigar da barasar ƙetare ƙasashen da ba ta riga ta yaɗu ba, Arewacin Nijeriya kuwa na cikinsu, amma duk da haka sai da abin ya kai ga Mu'azu Haɗeja ya tsara Waƙar Giya yana yi wa mutanen zamaninsa gargaɗi. Amurka ma, da dukan ƙarfinta, ta hana giya daga 1920 har 1933, daga bisani ta janye dokar. Hukuma tana da iko a kan shago da lasisi da motar da ke ɗauko kaya. Ba ta da iko a kan ƙishirwar da ta riga ta zauna a jinin mutum.

Saboda haka abin da ya faru a wurinmu shi ne shan ya ɓuya, ya kuma sake kama. Abin da a da ake sha a kwalba a fili, yanzu yana shigowa a 'yar leda da 'yar roba da ke shiga aljihu. Wanda bai samu wannan ba ya koma wa kodin da tiramadol da wiwi da sholisho, waɗanda hukuncinsu a gusar da hankali ɗaya ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya suka yi amfani da ƙwaya cikin shekara guda, ba a ma lissafa giya da taba ba. A watan Mayu na shekarar ne kuma gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta danganta mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 ga giya.

Mu a yammacin Zamfara muna da namu sababan da ba sai an faɗa muku ba. Akwai ramin zinariya, inda saurayi ke yini cikin ƙasa yana neman abin da zai kashe masa gajiya da tsoro, sa'an nan ya wayi gari da kuɗin da ubansa bai taɓa riƙe irinsa ba, babu kuwa babba kusa da shi. Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaci, wato manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa. Wanda ya ga abin da aka yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairu 2022, ko ya ga iyalan da suka yi gudun hijira suka cika garin Anka, ya san akwai magidanta da barci ya ƙaurace wa idonsu, waɗanda damina ke zuwa ta wuce hannunsu bai taɓa fartanya ba. Ba ina kafa wa kowa uzuri ba ne, domin haram ba ta zama halal saboda baƙin ciki. Ina dai cewa likitan da bai san mafarin ciwo ba, maganinsa ba ya nisa.

A nan ya wajaba in tsaya kan wani bayani na likitanci, domin jahiltarsa na iya kashe rai. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, jikinsa ya riga ya saba, har ƙwaƙwalwarsa ta gina aikinta bisa zaton giyar tana nan. Idan ya yanke ta farat ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 sai ka ga hannunsa na rawa, har ba ya iya kai kofin shayi baki sai ya tallafe shi da hannu biyu, gumi na keto masa ko da sanyin hunturu ne, zuciya na bugawa, amai na taso masa. Wasu sukan faɗi da jijjiga irin ta farfaɗiya. Tsakanin kwana na biyu da na huɗu kuwa, wasu kaɗan sukan ruɗe gaba ɗaya, su riƙa ganin ƙwari na bin bango ko na yawo a jikinsu, suna zance da wanda babu shi. A nan ne iyali kan ce aljanu ne ko sammu, su rufe shi a ɗaki ana turare, alhali kuwa wannan hali ne da ke iya ajalin mutum idan ba a kai shi asibiti ba. Likitoci suna da maganin da ke kwantar da jijiyoyi a waɗannan kwanaki, suna haɗawa da bitamin B1 domin kare ƙwaƙwalwa, kuma ba abin da za a saya a kemis a sha da ka ba ne. Don haka wanda shansa ya yi nisa, ya fara tubarsa da niyya a zuci, ya bi ta da zuwa babban asibitin garinsu, in abin ya fi ƙarfinsu su tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato. Babu saɓani tsakanin wannan da tawakkali. Lokacin da Ɗariƙu bin Suwaid ya gaya wa Manzon Allah cewa shi don magani yake haɗa giya, amsar da ya samu, kamar yadda Muslim ya ruwaito, ita ce giya cuta ce. Wanda cuta ta kama kuwa haƙƙinsa ne a yi masa jinya.

Yanzu mu koma ga yadda aka raba al'ummar farko da giya, domin a nan ne hujjata take. Kun sani haramcin bai sauka a rana ɗaya ba. An fara da bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta, a Suratul Baƙara. Aka hana kusantar salla cikin maye, a Suratun Nisa'i, wanda da shi aka ƙuntata wa mashayi lokutan yininsa. Sa'an nan hani yankakke ya zo a Suratul Ma'ida, a Madina, bayan shekaru masu yawa ana gina imani. Uwar muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta bayyana, a ruwayar Buhari, cewa da hanin giya ne farkon abin da ya sauka da mutane sun ce ba za su bari ba. Hukuncin ya riga ya tabbata, babu mai dawo da matakansa. Amma hikimar tarbiyya da ke cikinsa tana nan. Abin da ya fi jan hankalina shi ne labarin Anas bin Malik, wanda yake shayar da wasu sahabbai a gidan Abu Ɗalha sa'ad da mai shela ya yi shela, aka ce masa ya fita ya zubar, har giya ta gudana a lungunan Madina. Ku lura, jama'a: tare suka bari. Babu wanda ya tuba da dare ya wayi gari abokinsa na jiransa da tulu. Majalisar da ake sha a cikinta ita ce da kanta ta zama majalisar da ba a sha, mutanen nan dai, zumuncin nan dai. Mai tuba na zamaninmu kuwa, a ranar da ya bar giya, a ranar ya rasa abokan hirarsa duka, mu kuma ba mu buɗe masa tamu ba.

Babu mutanen da ya kamata su fahimci wannan kamar ku. A shekarar 2010, sa'ad da yara suka riƙa mutuwa a Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji ta ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru ta ƙasar Bukkuyum, har aka rasa yara kimanin 400, likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake dakawa a turmi, ake niƙawa a injin niƙa, ake shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Suna da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma suka ce ba shi da amfani ga yaron da za a mayar cikin ƙurar da ta sa masa ciwon. Sai da aka bi gida gida ana kankare ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna, ana ɗurawa a buhuna, ana kaiwa rami a binne, ana zubo sabuwar ƙasa mai tsabta. Mutanen Bagega sun jira har 2013 kafin a saki kuɗin yin wannan aiki, 'ya'yansu kuwa suna jiran magani duk tsawon lokacin. To haka al'amarin mashayi yake. Asibiti na iya wanke masa jini cikin mako guda ko biyu, malami na iya wanke masa zuciya da wa'azi, amma in aka mayar da shi dandalin da ya saba, da zaman banza, da gori, an mayar da shi cikin ƙurar. Wannan ne ma fiƙihun malamin nan da ke cikin hadisin mutumin da ya kashe rai casa'in da tara ya cika na ɗari: bai tsaya ga gaya masa ƙofar tuba a buɗe take ba, sai da ya umarce shi ya bar ƙasarsu ya koma wurin mutanen kirki. Ɗan'uwanmu na Gummi ko Nasarawar Burkullu ba shi da inda zai ƙaura, da iyali da tsofaffi a wuyansa, ga hanyoyi yadda suke. Sauran abu ɗaya: mu mu zame masa ƙasar da zai koma.

Abin da ya hana mu kuwa shi ne harshenmu. A zamanin Annabi akwai wani mutum, Abdullahi, da ake yi wa laƙabi da Himar, mai ba Manzon Allah dariya, wanda aka sha kawo shi saboda giya ana yi masa haddi. Ran nan wani ya la'ance shi saboda yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar, da wasu suka yi wa wanda aka bulale addu'ar wulaƙanci, ya hana su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Ku dubi wannan mizani: an tsayar da haddi, ba a rage ko bulala ɗaya ba, amma ba a yarda a cire mutumin daga jama'a ba. Mu kuwa sau da yawa mukan yi akasin haka. Mutum ya shekara biyar bai sha ba, in ya nemi aure a ce ai ɗan giya ne. In ya nemi bashin taki a ce kuɗin zai shanye. In ya shigo sahun gaba a masallaci a riƙa kallon juna. Wanda aka yanke masa ƙauna daga mutunci, me ya rage masa da zai tsare? Akwai wuri ɗaya tak a garin da ba a yi masa gori, inda in ya je za a matsa a ba shi wurin zama, kuma kun san ko ina ne.

Wasu iyaye, cikin ƙuna da rashin dabara, sukan kai ɗansu gidan mari. Na san ƙauna ce ke kai su, amma abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, da abin da ya biyo baya a Daura da Katsina, ya isa ya sa mu yi hattara. Sarƙa tana hana ƙafa tafiya muddin tana ɗaure, ran da aka kwance kuwa sai yaro ya fito da ƙishirwarsa da ƙarin ƙiyayya ga waɗanda suka kai shi.

Akwai hanyar da ta fi sarƙa. A garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, a shekarar 1935, wasu mashaya biyu da likitoci suka gaji da su, Bill Wilson da wani likitan fiɗa Bob Smith, suka gane cewa abin da ke riƙe kowannensu shi ne zama da ɗan'uwansa mai irin ciwonsa, da ƙoƙarin ceto na uku. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta faro, ta bazu a duniya. Usulubinsu mai sauƙi ne: a taru a kai a kai, kowa ya faɗi gaskiyar halinsa ba tare da an yi masa dariya ko wa'azi ba, abin da aka faɗa a ɗaki ya tsaya a ɗaki, sabon shiga a haɗa shi da wanda ya daɗe da bari, a kuma ɗauki alkawarin yini guda kawai, gobe a sabunta. A 2020 cibiyar Cochrane ta tattara bincike 27 ta ga wannan hanya tana kai wa, ko ma ta zarce, sauran hanyoyin jinya wajen dawwama a kan bari. Musulmin birnin Baltimo sun gina irinta bisa aƙidarsu a 1989, suka kira ta Millati Islami. Ba na cewa mu kwafo komai nasu, kuma ba ma bukata, domin asalin abin namu ne: rufin asiri, da nasiha, da 'yan'uwantaka, da mayar da haƙƙin waɗanda aka zalunta, wanda yake sharaɗi ne na tuba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar a ƙasar Zamfara yana karantarwa yana zama da mutane, kafin a yi zancen tuta. 'Yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru, inda jaji ke tara matan ƙauye su koya daga junansu. Tsarin ƙaramin taro mai jagora daga cikinsa ba baƙo ba ne a ƙasar nan.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar kasafin gwamnati. A kowace unguwa a samu zaure guda, na liman ko na mai unguwa ko na wani dattijo mai riƙon amana, da za a riƙa buɗewa tsakanin magariba da lisha da kuma bayan lisha, domin waɗannan su ne sa'o'in da ƙafa ta saba ɗaukar mai ita zuwa inda ta saba. Da rana akwai kasuwa da hidima, dare ne ke kayar da mutum. Kada a rubuta wa zauren suna, kada a yi shelarsa a lasifika. A dafa shayi, a yi ɗan karatu, a bar mutane su yi magana. Wanda zai ja ragamar zaman, in da hali, ya zama wanda shi ma ya taɓa sha ya bari, gama shi ne in sabon mai tuba ya ce masa yau jikina na kira, ba zai zaro ido ba, zai ce tashi mu taka zuwa gidana. Kuma ya wajaba hukumar Hisba da 'yan sanda su san cewa wanda ya kawo kansa neman taimako ba abin kamu ba ne. Shari'ar da ta ajiye haddi ita ce ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma in aka kama mutum ɗaya a bakin zauren nan, babu wanda zai sake zuwa.

Matan gidajen nan ma suna da haƙƙi a kanmu, domin su ne suka haɗiye abin da ba mu gani ba: hatsin da aka sayar da damina, da dukan tsakar dare, da ƙaryar da suka yi wa 'ya'ya cewa baba ba shi da lafiya. Malamai mata na makarantun Islamiyya su buɗe musu nasu zaman, kuma kada a ce wa mace ta yi haƙuri a inda ranta ke cikin haɗari. Akwai kuma matan da su da kansu suka faɗa wa kodin a cikin ɗaki, waɗanda kunya ta rufe su ruf; su ma ta hannun mata za a kai gare su.

Sai batun sana'a da bashi, wanda shi ne ke mayar da mutane da yawa. Malamanmu na Malikiyya sun tattauna wanda ya ci bashi a hanyar ɓarna, ko za a ba shi zakka daga kason mabarta, kuma abin da Shaihu Halil ya rinjayar a Muhtasar shi ne ana ba shi idan ya tuba. Ina roƙon Hukumar Zakka da Waƙafi da attajiranmu su duba wannan, da sharaɗin a biya mai bin bashin kai tsaye, a kuma ba mai tuba jari a kaya, ko a sa shi a hannun maƙeri ko tela ko mai gyaran babur, maimakon a danƙa masa tsabar kuɗi a watanninsa na farko.

Zai yiwu ya koma ya sha, wataƙila fiye da sau ɗaya, kuma wannan ba ya nuna tubarsa ta farko ƙarya ce. In hakan ta faru, kada a jira shi ya zo, domin kunya ba za ta bar shi ba. Mutum biyu daga zauren su je gidansa da safe, su yi sallama, su tambaye shi ko ya karya, in jikinsa na rawa su ɗauke shi a babur zuwa asibiti, ranar da aka sallame shi kuma su biyo masa su tafi zauren tare.